Akwatin da Muke Zagi da Shi

Ranar da aka ce Fada Ovila ya zagi Steeve Pelchat ina wurin, kuma har gobe zan faɗa cewa bai zage shi ba.

Asabar ce, jajibirin Misa ta ƙarshe a cocinmu. Ofishin Bishop ya riga ya sayar da ginin, Steeve ne ya saya, zai mai da shi mashaya inda zai riƙa dafa giyarsa yana sayarwa. Ranar Litinin za a ba shi makulli. Ni da Fada muna naɗe kayan bagade muna jerawa a kwali, sai ga shi ya shigo da tef ɗin awo a hannu, hula a kai, dusar ƙanƙara tana zuba daga takalmansa a kan daɓen katakon da kakata ta yi shekara talatin tana gogewa.

Ajinmu ɗaya da Steeve tun firamare. Ni na tafi jami'a a birni na karanta tarihi, na dawo da digiri biyu ina koyarwa a sakandaren garin da ke gaba da namu. Shi ya zauna ya koyi dafa giya a garejin ubansa. Duk da haka a idon sa'o'ina ni ce wadda kanta ya taɓu, don ina zuwa coci ina da shekara ashirin da tara. Sista Blandine suke ce mini. Ban taɓa hana su ba, kuma ban taɓa amsawa ba.

Steeve ya ce mu kwashe duk abin da muke so, tarkace ne a wurinsa, in mun bari ma juji zai kai. Ya hau matakalan bagade yana aune-aune, har ya isa gaban akwatin tagullar nan da ke tsakiya, inda ake ajiye Jikin Almasihu, wato gurasar da aka tsarkake, bayan Misa, jar fitila tana ci a gefensa. Ya ƙwanƙwasa ƙofarsa da tef ɗin kamar mai gwada kankana, ya ce wannan ɗan tanda fa, na mene ne.

Fada ya miƙe da sauri fiye da yadda shekarunsa saba'in da tara suka yarda. "Ɗauke hannunka daga nan," ya ce. "Tabarnak ne."

Steeve ya juyo baki buɗe. "Fada, ni kake zagi?"

Mu nan ba ma zagi da uwa ko uba. Da kayan coci muke jifan juna: ƙoƙon Misa, gurasar tarayya, baftisma. Mafi nauyi a cikinsu ita ce wannan kalmar, wadda ke fita daga bakin mutum idan guduma ta sami yatsansa ko mota ta ƙi tashi da sanyin safiya. Steeve yana faɗinta sau ɗari kafin azahar. Ita ma ya zaɓa ta zama sunan mashayarsa, har an buga riguna. Amma bai taɓa sanin cewa abu ne mai ƙofa da makulli ba.

Ni na yi masa bayani, kuma na yi shi da muryar da nake yi wa 'yan aji ɗaya. Ya dubi akwatin, ya dube ni, sannan dariya ta kama shi har sai da ya dafa bagade. Ya zaro waya ya ɗauki hoto. Da ya gama share hawaye ya ce to wannan kam ba ya fita. A bayan kantar sayar da giya zai zauna, da fitilar lantarki a ciki, ya sa kwalbarsa mafi kyau, duk wanda ya shigo ya ga abin da idonsa. Fada ya tuna masa cewa yanzun nan ya ce mu kwashe komai. Steeve ya ce ai ya ce tarkace, kuma takardar ciniki ta rubuta cewa duk abin da ke manne da gini nasa ne. Akwatin kuwa tun zamanin kakan kakana aka dasa shi cikin dutsen bagade da siminti.

A mota, ina mai da Fada gidan tsofaffi inda yake zaune tun da aka sayar da gidan limamin coci, muka wuce gada. Sannan ya ce, da ya ce wa yaron akwati ne kawai, da yanzu muna neman wanda zai ciro mana shi. Ya ce shekara hamsin da uku yana ƙoƙarin koya wa garin nan sunayen abubuwa, rana ɗaya da wani ya koya, ga abin da ya jawo.

Mu goma sha ɗaya ne muke zuwa Misa duk Lahadi. Ranar ƙarshe sai ga mutum ya fi ɗari biyu, rabinsu da waya a sama. Ba su san lokacin tsayawa ba, ba su san na durƙusawa ba, suna ta satar kallon tsohuwa Rose-Aimée, wadda ke zaune a layin farko tun kafin a haifi uwata, suna kwaikwayonta. Na buga musu ogan, babban kayan kiɗan cocin, da ƙarfi har tagogi suna rawa. In sun zo kallo ne, to su ji.

Huɗubar Fada gajera ce. Ya ce kada kowa ya yi tsammanin zai ce mutanen da waliyyai ne, domin shi ya saurari ikirarin zunubansu, ya san abin da ya sani. Sun yi sata, sun ci amanar aure, sun doki matansu. Bambancin kawai, sun san sunan abin da suka yi, shi ya sa suke iya jin kunya, mai jin kunya kuma yana iya dawowa. Yanzu fa, mutum zai ajiye uwarsa a gidan da shi Fada yake kwana, ya shekara bai leƙa ta ba, ya ce yana kula da lafiyar zuciyarsa ne. Ya ce yana zaune da iyayensu, yana ganin yadda suke jan kujera kusa da taga ranar Lahadi. Wasu wayoyin suka sauka.

A ƙa'ida, ƙarshen irin wannan Misa limami yakan cinye abin da ya rage a akwatin, ya bar ƙofarsa a buɗe, ya kashe jar fitila. Daga nan gini ya zama gini kawai. Fada ya tsaya gaban akwatin ya daɗe. Sai ya kulle shi, ya rataya makullin a wuyansa, ya ɗauko kwalbar mai ya ƙara wa fitilar.

"Mai gidan bai tashi ba tukuna," ya ce. "Gobe ƙarfe bakwai ina nan tare da shi. Wanda ƙafarsa za ta iya ɗauko shi ya zo."

Na kira shugabar makarantarmu na ce ina son hutu. Ta tambayi dalili, na ce zan zauna a coci ne. Ta jira in ce wasa nake yi. Na bar ta ta gama jira.

Litinin Steeve ya iso da ma'aikata shida ya tarar da mu a benci na farko: Fada, da Rose-Aimée da carbinta, da ni, da wasu tsofaffi huɗu. Ya ce zai kira 'yan sanda. Fada ya ce ya kira, amma ya tanadi mai ɗaukar hoto, don ba kullum ake jan tsoho ɗan saba'in da tara daga gaban bagade ba, kuma garin zai so ya gani kafin ya fara shan giyarsa. Steeve bai kira ba. Abin da ya yi shi ne ya kashe injin ɗumama ginin, ya ce aiki ne ya buƙaci haka. Watan Fabrairu muke ciki.

Muka tsara zama. Daga bakwai na safe har ma'aikata su tashi ƙarfe huɗu, ba a barin gaban akwatin babu kowa. Tsofaffi awa ɗaya ɗaya, su koma motata su ji ɗumi. Ni da Fada ba ma tashi sai don ban ɗaki. Nakan sa wando biyu da safa uku, in zo da miyar wake a fulas da burodi. Kafin goma yatsun ƙafata sun daina zafi, sun koma kamar na wani. Numfashinmu yana tashi fari ya haɗu da ƙurar katako. Ma'aikata suna kwance bencuna daga baya suna matsowa, kowace rana layi biyu ko uku, ƙarar zarto tana cika ginin har ba na jin addu'ar da ke bakina.

Abu ɗaya na lura da shi tun rana ta biyu. Mutanen nan da na sani, waɗanda ba sa iya neman ƙusa ba su haɗa da zagi uku ba, sun zama kamar masu ciwon haƙori. Wani katako ya faɗo wa ɗayansu a ƙafa, ya buɗe baki, rabin kalmar ta fito, idonsa ya sauka kan fitilar, ya haɗiye sauran ya fita waje da ɗingishi. Can muka jiyo shi yana sauke ta a farfajiya. Rose-Aimée ta yi dariya har carbinta ya faɗi.

Steeve kam bai fasa ba. Kullum sai ya tsaya kaina da kofin shayinsa ya ce, Sista, an amsa addu'ar kuwa, ko layin yana da cunkoso? Wata rana ya ce duk digirin nan biyu a kan gadin akwatin burodi suka ƙare. Na ce aƙalla ni na san abin da ke ciki kafin in kai shekara talatin. Ma'aikatansa suka sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya.

Daga ofishin Bishop ana kiran Fada kullum. Yakan saurara da ladabi, ya ce ya ji, zai yi biyayya, zai fitar da Jikin Almasihu a ranar da aka ba shi akwatin, ba zai ƙara minti ɗaya ba. Na tambaye shi ko ba ya tsoron a hukunta shi. Ya ce me za su karɓe, cocin?

Shugaban ma'aikatan shi ne uban Steeve, Baba Gaétan, magini, mutum mai faɗin kafaɗa da ya haura sittin da biyar. Rabonsa da shiga coci tun jana'izar uwarsa. Kwana uku bai dubi inda muke ba. A rana ta huɗu, lokacin abincin rana, ya zo ya tsaya gaban Fada hannuwansa a aljihu. Ya ce ya ji labarin huɗubar, wai mutanen yanzu ba su san sunan zunubi ba. To shi yana da ɗaya da yake son a faɗa masa sunansa. Uwarsa Imelda ta haifi goma sha huɗu. Bayan na goma sha ɗaya likita ya ce in ta ƙara za ta mutu. Ta faɗa wa limamin wancan zamani a ɗakin ikirari, can kusurwar da yanzu aka jibge katako, shi kuma ya hana ta gafara, ya hana ta tarayya, har sai ta daina hana kanta haihuwa. Ranar Lahadi kowa ya tashi zuwa gaban akwatin nan, ita tana zaune, garin duka yana kallonta. Ta jure wata biyar. Ta ƙara uku. Ta rasu tana da arba'in da huɗu.

Na zaci Fada zai ce ba shi ba ne, domin a lokacin yana ɗalibi. Ya cire hularsa a cikin sanyin nan.

"Sunansa zalunci," ya ce. "Mu muka yi shi, Gaétan. Da makullin nan na wuyana aka yi shi."

Baba Gaétan ya zo ne da shirin faɗa, sai ya rasa inda zai sa shi. Ya tsaya yana huci, sannan ya koma bakin aikinsa. Ranar ya kwance benci huɗu shi kaɗai.

Da yamma a mota na ce wa Fada, to in haka ne mutanen nan suna da hujjar tafiya. Ya ce suna da ita, kuma da ma don fushi suka tafi duka, da bai damu haka ba, don mai fushi da kai bai manta da kai ba. Abin da ke hana shi barci su Steeve ne, waɗanda ba a yi musu komai ba, ba a kuma ba su komai ba, sun tashi babu abin da za su durƙusa wa, babu abin da za su tofa wa yawu, komai abin ado ne a bayan kanta.

A rana ta tara tari ya kama Fada har ya kasa miƙewa daga benci. Likitar gidan tsofaffi ta ce sanyi ya shiga huhunsa, ta kwantar da shi, ta ce in ya fita ba da yawunta ba. Da labari ya bazu, 'ya'yan sauran tsofaffin, waɗanda ba a gani sai Kirsimeti, suka bugo waya daga birni suka hana iyayensu zuwa. Rose-Aimée ta yi gardama, ɗanta ya sa aka ɓoye mata takalman sanyi.

Saura ni. An kwashe benci na ƙarshe, don haka na zo da kujerar kicin ɗina. Kwana uku ina zaune ni kaɗai a tsakiyar fili, gini ya zama kamar rumbu, babu mai karɓata ko na minti biyar. Na daina shan ruwa da safe don kada in tashi. Leɓɓana suka tsage. Ba zan ce ina ta addu'a ba. Yawancin lokaci ina ƙirga allunan tagogi ne, ina jin haushin kowa, har da wanda nake gadi, da ya bar tsoho ɗaya da mace ɗaya su yi masa wannan aiki. Amma idan na ji takun Steeve sai in gyara zama in miƙe wuya.

Ranar Juma'a ya gaji. Ya ce masu aikin kanta za su zo Litinin, ba zai ƙara jira ba. Fada ya tafi da makulli, to akwai injin huda. Ya ce wa ubansa ya fasa makullin, ya juye abin da ke ciki a leda ya ba Sista ta kai wa mai shi.

Baba Gaétan ya ɗauko injin ya hau matakala. Na tashi, na riga shi isa, na jingina bayana da ƙofar tagullar. Na ce masa, Baba, sai dai ka fara da ni. Ya ce in matsa, ya san ni tun ina cikin zanen goyo. Na ce to ya san ba na matsawa.

Steeve daga ƙasa ya ce, "Baba, don Allah ka gama. Kalmar zagi ce fa kawai da aka ƙera wa akwati."

Baba Gaétan ya juya a hankali ya dubi ɗansa. Ya tambaye shi, da yake faɗin kalmar tun yana ɗan shekara shida, wa yake nufi da ita? Steeve ya ɗaga kafaɗa ya ce ba kowa, magana ce.

"Ni ina nufin wani," in ji Baba Gaétan. "Shekara hamsin, duk lokacin da ta fita daga bakina, abin nan nake nufi, da wanda ya kulle shi ya bar uwata a zaune. Kai kuma za ka sa masa lantarki da kwalba, 'yan birni su zo su yi hoto suna dariya." Ya ajiye injin a kan bagade. "In ya zama kabad ɗin giya, ni da me zan yi zagi?"

Steeve ya fara maganar takarda. Uban ya ce ya kai shi kotu, kuma ya nemi wani maginin da zai ƙarasa masa rufin kafin narkewar ƙanƙara. Babu wani a yankinmu, kowa a wurin ya sani. Steeve ya yi waje yana buga ƙofa.

Baba Gaétan ya ce mini kada in motsa, kamar da ma zan motsa. Ya ɗauki motarsa ta kaya. Abin da ya faɗa wa likitar ban sani ba, amma bayan rabin awa ya dawo ɗauke da Fada a hannu, an naɗe shi da bargo biyu, sai hanci da tabarau. Ya tsayar da shi gaban bagade yana riƙe da ƙugunsa. Sai da na kama wa Fada makullin sannan ya shiga. Ya fitar da Jikin Almasihu ya sa a ƙaramin gwangwanin da yake kai wa marasa lafiya, ya cusa a ƙirjinsa. Ma'aikatan sun tsaya daga nesa, biyu sun cire hula, sauran suna kallon takalmansu. Fada ba shi da numfashin hura fitila. Ya dube ni, na hura.

Awa huɗu Baba Gaétan ya yi yana yankan dutse, bai yarda kowa ya taɓa ba. Fada ya yi masa godiya daga kan kujerata. Baba Gaétan ya ce ya riƙe godiyarsa, ba don shi ya yi ba, kuma kada ya sa ran ganinsa ranar Lahadi. Fada ya ce bai sa ba. Mutum huɗu ne suka ɗaga akwatin zuwa bayan mota, da guntayen siminti manne a gindinsa. Shugabar gidan tsofaffi ta yarda a ajiye shi a ƙaramin ɗakin da ke kusa da na wanki.

Aka sa Fada a gaba inda akwai ɗumi. Babu igiyar ɗaurewa, sai na hau baya na zauna a kan ƙarfe mai sanyi na rungume akwatin da hannu biyu. Lokacin tashi daga aiki ne, babban titi ya cika. Baba Gaétan ya ƙi wuce saurin mai tafiya a ƙafa, wai kada kayan ya zame. Motoci suka yi layi a bayanmu har gada, ana ta danna oda. Ina fuskantarsu, na san kusan kowace fuska a bayan gilashi: iyayen ɗalibaina, mai kantin magani, 'yan ajinmu biyu. Wani ya sauke gilashi ya leƙo zai yi magana. Na zuba masa ido har ya mai da kansa ciki, muka ci gaba da tafiya a hankali.